Ziyarar Iskandariyya a Gaɓar Bahar Rum

Galibin mutanenmu da Allah ya nufa da taka ƙasar Masar, ko masu neman ilmi a Azhar, ko fatake, ko waɗanda lalurar rashin lafiya ta kai su wurin likitocin can, iyakarsu Alƙahira. Idan suka ga dalolin Fir'aunoni, suka yi salla a masallacin Sayyidina Husaini, suka sayi tsaraba a kasuwar Halili, sai su juyo gida da zaton sun gama ganin Masar, alhali kuwa can arewa maso yamma, tafiyar da ba ta wuce sa'a uku ba a jirgin ƙasa, akwai wani birni wanda ya girmi Alƙahira da shekara wajen 1300, ya kuma riƙe sarautar ƙasar kusan shekara dubu kafin Musulunci ya iso ta. Wannan birni shi ne Iskandariyya. Ni kuwa tun ina ƙaramin almajiri nake jin sunansa a bakin malamai, suna cewa wane Sakandari, watau ɗan Iskandariyya, ya faɗi kaza, saboda haka da Allah ya ba ni sarari a Alƙahira ban yi jinkiri ba, na roƙi wani yaro ɗan ƙasarmu da ke karatun fiƙihu a Azhar ya yi mini rakiya, muka kama hanya da sassafe.

Hanyar jirgin da ta haɗa biranen biyu, wadda aka gama shimfiɗawa a 1856, ita ce ta farko a duk nahiyar Afirka, tana kuwa ratsa ƙasar da Kogin Nilu ya rarrabu a cikinta kafin ya faɗa teku, ta bi ta Banha da Ɗanɗa da Damanhur, mutum yana ta kallon gonaki kore shar da itatuwan dabino har idonsa ya ƙoshi. Da muka sauka muka yi ɗan tafiya da ƙafa, sai wata iska mai ɗanshi da ɗanɗanon gishiri ta tarye mu, sa'an nan gidaje suka ƙare a gabanmu kwatsam, ga Bahar Rum shimfiɗe har inda gani ya tsaya. Birnin a matse yake, teku ta tokare shi daga arewa, tafkin Maryuɗ ya tokare shi daga kudu, don haka ya miƙe siriri a kan gaɓa, mutum fiye da miliyan biyar suna zaune a cikinsa, mafi yawansu a dogayen benaye da ke fuskantar ruwa. Wani faffaɗan titi ya bi bakin tekun tun daga gabas har yamma, nan ne wurin shan iskar kowa da kowa, mai kuɗi da talaka. A lokacin sanyi kuwa guguwa da ruwan sama sukan taso daga teku, waɗanda suke kira nawwa, masunta sun san kowace da sunanta da lokacin zuwanta, ba su fitar da kwalekwale sai ta wuce.

Wanda ya sari birnin shi ne Iskandar sarkin Makidoniya, a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu. Da yawa daga mutanenmu suna ɗauka shi ne Zulƙarnaini wanda Allah ya ambata a Suratul Kahfi, amma malamai masu tahƙiƙi, irin su Ibnu Kasir, sun rarrabe tsakaninsu, suna kafa hujja da cewa wancan bawan Allah ne mumini, wannan kuwa mai bautar gumaka ne, almajirin Arisɗo. Ko ma dai yaya ne, idonsa ya ga abin da ya dace, gama a gaban wannan gaɓa akwai wani tsibiri da ake kira Farus, sai aka yi ciko da duwatsu da ƙasa, tsawon fiye da kilomita ɗaya, aka sadar da shi da tudu, ta haka aka sami matsayar jirage biyu, ta gabas da ta yamma, duk inda iska ta buso akwai inda jirgi zai fake. Da zamani ya yi tsawo rairayi ya yi ta taruwa a jikin cikon nan har ya zama unguwanni, mai tafiya a cikinsu yau ba zai taɓa sanin cewa da ruwa ne a ƙarƙashin ƙafarsa ba.

A can ƙarshen tsibirin muka fara ziyara, inda kagarar Sarki Ƙaitabai take, fara tas, raƙuman ruwa suna dukanta ta fuska uku. A daidai wannan wuri ne hasumiyar nan ta Iskandariyya ta tsaya, wadda mutanen da suka lasafta cikin abubuwan al'ajabi bakwai na duniya. An gina ta wajen shekara ta 280 kafin Miladiyya, tsayinta ya haura mita 100, hawa uku, na ƙasa mai kusurwa huɗu, na tsakiya mai kusurwa takwas, na sama kewayayye, ana hura wuta a ƙwanƙolinta don matuƙa jirage su gane mashiga cikin dare. Ta yi fiye da shekara 1500 tana tsaye, kuma mafi yawan abin da aka sani na siffarta daga alƙaluman matafiya Musulmi aka samo shi. Ibnu Jubairu na Andalus ya gan ta a 1183, ya hau, ya tarar da masallaci a samanta, ya yi salla a ciki. Girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 suka raunana ta, har Ibnu Baɗuɗa, wannan da daga baya ya ratsa Sahara ya sauka Takadda a ƙasar Nijar ta yau, ya iske gefe ɗaya nata ya zube a 1326, da ya komo a 1349 kuwa ko ƙofarta bai iya kaiwa ba saboda ɓaraguzai. Daga nan sai Ƙaitabai, da ya ji tsoron jiragen yaƙin Turkawa, ya sa aka ɗora kagara a kan harsashinta tsakanin 1477 da 1479, aka yi amfani da wasu daga duwatsunta, wanda ya lura da kyau zai ga manyan jajayen duwatsu a wajen ƙofa waɗanda ba jinsinsu ɗaya da sauran ginin ba. Akwai ƙaramin masallaci a tsakiyarta, da ɗakunan askarawa, da ƙananan tagogi na harbi. Ingilishi sun yi mata ruwan igwa daga teku ran 11 ga Yuli 1882, a zamanin tawayen Ahmad Urabi, wanda shi ne mafarin mamayarsu ga Masar, daga baya aka gyara ta. Tun daga 1994 kuma masu nutso suka riƙa gano ginshiƙai da gumaka da manyan duwatsu a ƙarƙashin ruwan da ke gindinta. Abin da ya sosa mini rai shi ne tulin tubalan kankare da na ga an jibge kewaye da ita don karya ƙarfin ruwa, domin teku tana ƙara hawa, ƙasar kuma tana ɗan nutsewa a hankali, masana suna ta gargaɗi a kan unguwannin da ke kwari, waɗanda mazaunansu talakawa ne.

Kayan zamanin Rumawa ba su ɗauke mu lokaci mai tsawo ba. Akwai al'amudin nan da suke kira Amudus Sawari, falan dutse guda ja na Aswan, tsayinsa da gindinsa wajen mita 27, wanda aka kafa don girmama Sarki Diyokilishiyan wajen shekara ta 300 Miladiyya, ba abin da ya rage kewaye da shi sai kufai. Kusa da shi akwai makabartar Kom Shuƙafa, wadda aka fafe cikin dutse hawa uku a ƙarƙashin ƙasa, aka gano ta a 1900, inda za ka ga gumakan Misirawa sanye da kayan sojan Rum, alamar yadda al'ummu suka cakuɗa a birnin. Ban daɗe a ciki ba, zuciyata ba ta natsu da a mai da makwancin matattu wurin ɗaukar hoto ba. Amma a Kom Dikka na zauna na huta, gama ban da dandalin wasa mai matakalai na marmara, masu haƙa daga ƙasar Folan sun tono ɗakunan karatu wajen ashirin, kowane da dakalin dutse kewaye da bango inda ɗalibai ke zama, da mazauni mai ɗan tudu a ƙarshe inda malami ke hawa, kai ka ce zauren wani babban malami ne a birnin Zariya ko Katsina bayan sallar asuba.

Daga ganin ɗakunan nan hankali ba shi da inda zai tafi sai ga taskar littattafan da birnin ya yi suna da ita, wadda sarakunan gidan Baɗalimus suka tara. A nan Uƙlidis ya tsara ilmin handasa, a nan Iratostanis ya auna kewayen duniya ta hanyar kwatanta inuwar rana a Iskandariyya da ta Aswan, a nan aka fassara Attaura zuwa harshen Yunanawa, kuma daga baya, a zamanin Rumawa, a nan aka wallafa littafin falaki da Larabawa suka fassara da sunan Almajisɗi. Tilas in tsaya kan wata tuhuma da aka daɗe ana jingina wa Sahabi Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, wai shi ya ƙone taskar bisa umarnin Sayyidina Umar bayan ya ci birnin wajen shekara ta 641. Wannan labari ba shi da isnadi, ba a same shi a rubuce ba sai bayan kusan shekara 600, a wurin Abdullaɗif Bagadadi da Ibnul Ƙifɗi, kuma masu binciken tarihi, Musulminsu da waɗanda ba Musulmi ba, sun yi watsi da shi. Abin da ya tabbata shi ne gobara ta ci wani sashe a yaƙin Yuliyas Kaisar, shekara ta 48 kafin Miladiyya, aka rushe haikalin da reshenta yake a 391, sauran kuma sakaci da yankewar kuɗin kulawa suka cinye shi tun kafin Musulmi su zo. An buɗe sabuwar taska a 2002 a bakin matsayar gabas, ginin kewayayye ne, ya karkata yana fuskantar teku, an sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya wajen iri 120 a jikin bangonsa, an kuma tanadi gurbin littafi miliyan 8. Na yi farin ciki ƙwarai da na ga zauren karatun cike da samari da 'yan mata 'yan birnin, kowa ya duƙufa a kan takardarsa, masu yawon kallo irina ne 'yan tsiraru.

Amru ya so ya mai da Iskandariyya mazaunin mulki, amma Umar ya hana, don ba ya son ruwa ya shiga tsakaninsa da rundunar Musulmi, sai aka kafa Fusɗaɗ, birnin Iskandariyya kuma ya zama bakin iyaka inda ake zaman ribaɗi. Ya ci gaba da zama kasuwar kayan yaji tsakanin Hindu da Turai, har Fotugis suka gano hanyar kewaya Afirka a 1498, hanyar ruwan da ke sadar da shi da Nilu kuma ta cushe, ya yi ta ƙanƙancewa, har lokacin da Nafoliyon ya sauka a 1798 'yan dubban mutane kaɗan ya tarar a cikin kango. Muhammadu Ali Basha ne ya farfaɗo da shi da ya haƙa hanyar ruwa ta Mahmudiyya, aka gama a 1820, aikin tilas wanda dubban talakawa suka halaka a cikinsa, abin da mai kallon gunkinsa bisa doki a dandalin Manshiyya ya kamata ya tuna. Cinikin auduga ya jawo Yunanawa da Italiyawa da Shamawa da Yahudawa, su ne suka bar manyan gidajen nan masu baranda da ke tsakiyar gari. A fadar Ra'asut Tin Sarki Faruƙ ya sauka daga gadon sarauta ran 26 ga Yuli 1952, a Manshiyya kuma Jamal Abdunnasir ya shelanta ƙwace Mashigin Suwes a rana irin wannan ta 1956. Muka bi titin Nabi Daniyal, inda masallaci da majami'ar Yahudawa suke, babbar cocin Ƙibɗawa ta Markus ma ba nisa, muka tsaya wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, sa'an nan muka ci gasasshen kifi a unguwar masunta ta Anfushi, inda mai saye ke zaɓen kifinsa da hannunsa a auna masa kafin a ɗora a wuta.

Duk wannan share fage ne ga abin da ya kawo ni. A Anfushi ɗin nan akwai wani fili da masallatai suka kewaye, mafi girmansu na Shaihu Abul Abbas Mursi, wanda aka haifa a Mursiya ta Andalus, ya bi shaihinsa Abul Hasan Shazali zuwa wannan birni, ya gaje shi, ya rasu a shekara ta 686 Hijiriyya, watau 1287. Ginin da ake gani yanzu na shekarun 1940 ne, mai kusurwa takwas daga ciki, da ƙubbobi masu ado da doguwar hasumiya. An ce shaihin bai wallafa littafi ba, almajiransa ne littattafansa, maganar kuwa ta gaskata, domin ɗaya daga cikinsu shi ne Ibnu Aɗa'illahi mai Hikam, ɗan wannan birni, ko da yake a Alƙahira ya rasu a 1309, wani kuma shi ne Yaƙutul Arshi, mutumin Habasha, wanda masallacinsa ke nan gefe. Taku kaɗan daga nan sai masallacin Imamu Busiri, mai Burda da Hamziyya, inda ake ziyartar kabarinsa, an zana baitocin Burda da kyakkyawan rubutu a jikin bangaye. Na tsaya ina bin su da ido, muryoyin masu bege na daren Mauludi a garinmu suna dawo mini, sai da na share hawaye. Na ga wasu masu ziyara suna shafar ƙarfen da ya kewaye kabari suna kiran sunan mai shi, abin da ban yarda da shi ba, ni dai na yi sallama, na roƙa masa rahamar Allah kamar yadda sunna ta koyar, na fito.

Sai na ce wa abokin tafiyata mu nemi Ɗarɗushi. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai na tambayi masu mota, ba wanda ya san shi." Na ce, "Yaro, a yi ta tambaya, tsofaffi za su sani." Haka kuwa aka yi, wani dattijo mai shago ya kwatanta mana titin Babul Ahdar, wajen matsayar yamma, muka kutsa lunguna har muka iske wani ɗan gini wanda tsufa ya ci, ba taro, ba masu ɗaukar hoto. Wanda ke kwance a nan shi ne Abubakar Muhammadu ɗan Walid, wanda aka haifa a Ɗurɗusha ta Andalus a 1059, ya yi karatu wurin Alƙali Baji, ya tafi Makka da Bagadaza da Sham, sa'an nan ya zauna Iskandariyya a lokacin da Faɗimiyyawa 'yan Shi'a ke mulkin Masar, ya shimfiɗa buzunsa yana karantar da fiƙihun Imamu Malik ba tare da shakkar kowa ba. Ya yi wa Waziri Afdal wa'azi gaba da gaba a kan zalunci, aka tsare shi a Fusɗaɗ aka raba shi da almajiransa, bai janye ba. Bayan an kashe wazirin ya rubuta wa magajinsa littafin Sirajul Muluki, a kan adalcin sarakuna da shawara da amanar baitulmali, wanda malaman jihadin Sakkwato suka sha daga gare shi cikin abin da suka wallafa game da tsarin mulki, yana kuma da wani littafi a kan bidi'o'i. Ya rasu a 520 Hijiriyya, watau 1126.

Wanda ya dubi silsilar da ta fito daga wannan ɗan lungu zai san girman bashin da ke wuyanmu. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi mai Ahkamul Ƙur'ani almajirinsa ne. Sanad ɗan Inan, wanda ya gaji mazauninsa ya yi wa Mudawwana sharhi, shi ne Sanad ɗin da masu sharhin Muhtasar na Shaihu Halil ke yawan cewa ya faɗa, masallacinsa ma yana kan wannan titi. Wani almajirin nasa, Ibnu Aufi, shi aka gina wa makaranta a nan tun kafin Alƙahira ta san makarantun Ahlus Sunna, kuma a gabansa ne Sarki Salahuddini, da duk girman mulkinsa, ya zo ya zauna ya saurari Muwaɗɗa. A wannan birni kuma Ibnul Hajib ya ƙare rayuwarsa a 646 Hijiriyya, watau 1249, shi ne mai Kafiya a nahawu da Shafiya a sarfu, da taƙaitaccen littafin fiƙihu wanda Shaihu Halil ya yi wa sharhi da Taudihi kafin ya tsara Muhtasar nasa, wanda alƙalanmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna hukunci da shi. Ashe hukuncin gado da na aure da na ciniki da aka yanke wa kakanninmu a Kano da Sakkwato da Agadas, wani sashe na hanyarsa ta nan ya biyo. Hasumiya ta faɗi, tsohuwar taska ta salwanta, duk baƙon da ya zo su yake tambaya, amma karatun mutanen nan yana nan ana biya shi kowace safiya a ƙasashen da ba su taɓa takawa ba, su kuwa ko mai mota na garinsu bai san inda suke ba. Wannan ya yi mini ciwo, kuma ban ga laifin mai motar ba kamar yadda na ga namu, mu da muke cin moriyar ilminsu ba mu san ko ƙarnin da suka rayu ba.

Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu da ke Azhar, da malamansu da ke kai musu ziyara, da duk wanda wata hidima ta kai Alƙahira, ya keɓe wuni guda ya shiga jirgin safe zuwa Iskandariyya. Ya ga kagara da sabuwar taska, gama sun cancanci gani, amma kada ya juyo sai ya yi salla a masallacin Mursi da na Busiri, sa'an nan ya tambayi tsofaffi hanyar Babul Ahdar, ya tsaya ya roƙa wa Ɗarɗushi da Sanad gafara. In ya dawo gida kuma ya nemi Sirajul Muluki, ya karanta shi, ya karantar da shi, musamman ga waɗanda Allah ya ɗora wa riƙon jama'a.